Gargaɗi: masu sayar da "lambar lashe dala 150,000" a WhatsApp ɓarayi ne

₦35,000 suke karɓa. ₦35,000 a kan fayil guda da takardar shaida ta bogi, wai da su za a lashe kyautar dala 150,000. Kada wani ya ce wawaye ne suka biya, akwai malaman lissafi a ciki, kuma da gaskiya aka yi tarkon. Ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin jama'a a intanet, ta sa kyautar dala 150,000 ga wanda ya fara gano lambar firaim mai alƙaluma miliyan 100, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 ko ita kanta. Wannan yana nan a shafinsu, kowa ya duba. Shi ya sa da mai sayarwar ya ce "Malam, ai ka fi ni sanin wannan ilimi", aka saki jiki. Wannan "ka fi ni sani" ɗin ita ta ci ₦35,000.

Ga ƙaryar. Suna cewa in dai p firaim ce, to 2^p − 1 (wato a jera 2 sau p a ninka su, sannan a cire 1) ma firaim ce. Ɗauki 11: 2^11 − 1 ya ba da 2047, kuma 2047 shi ne 23 × 89. Magana ta ƙare. Lambar da suka turo a matsayin samfur, 147,573,952,589,676,412,927, ita ce 2^67 − 1, alƙaluma 21 kacal, kuma tun 1903 Frank Nelson Cole ya fasa ta gida biyu: 193,707,721 × 761,838,257,287. Abin da aka warware shekara fiye da ɗari, shi aka sayar mana ₦35,000. Kunya ta ishe mu, wallahi.

Tun kafin a tura kuɗin ma, a sautin muryar farko, ya ce manhajarsu tana gama aikin a waya cikin kwana uku. Waya! Kafin 2^p − 1 ta kai alƙaluma miliyan 100, sai p ta haura miliyan 332, kuma gwajin lamba ɗaya irin wannan yana cin watanni a kwamfuta mai ƙarfi, ga kuɗin wuta. Mafi girman firaim da aka sani, 2^136,279,841 − 1, a Oktoban 2024 Luke Durant ya gano ta da tarin injuna na haya, kuma alƙalumanta 41,024,320 ne, ko rabin abin da ake nema ba ta kai ba. Manhajar gaskiya, Prime95 ta GIMPS, shirin 'yan sa-kai masu neman irin waɗannan lambobi, kyauta ce, ko kobo ba a biya.

Da aka tura masa 23 × 89, sai ya toshe lambar wayar da aka tura da ita. Hotunan hirar da rasit ɗin ₦35,000 suna nan, za mu ɗora su anjima in Allah ya yarda.

Kada ku tura musu ko sisi.