Wata takwas da ƙaramar sintisaizar analog: sautin ya tafi da ni, amma daren nan ya ƙi fita raina

Tun wata biyu da suka wuce na so in rubuta wannan sai na ce bari zuciyata ta sauka tukuna, don da a daren da sintisaizata ta kunyata ni a wajen wasa na zauna na rubuta, wallahi da babu wanda zai ƙara kallon injin nan bayan ya karanta. Ƙaramar sintisaiza ce, wato kayan kiɗa mai haɗa sauti da lantarki, ta analog, wadda lantarkin kansa ke samar da sautinta ba lissafin kwamfuta ba, irin mai murya ɗaya ɗin nan, wato ko yatsu biyar ka danna maɓalli ɗaya kawai za ta buga maka, osileta biyu (su ne ke haifar da sautin), filta ɗaya (mai tace shi), kibod ɗin oktaf biyu da ɗan kai (oktaf ɗaya maɓalli 12 ne). Masu harkar sun san irinta kuma sun san nawa take da inda ake samu, ba sai na tsaya nan ba.

Ni dai shekara da shekaru a kwamfuta nake haɗa bes ɗina, wato sautin ƙasa mai kauri na waƙa, in kuma za mu fita wasa sai in ɗauki fiyanona na dijital, ban taɓa riƙe analog ta gaske ba sai wannan. Kuma gaskiya ban sa rai da yawa ba, saboda na san halin masu gwaji a YouTube, su zuba wa abu amsa-kuwwa da dile mai maimaita sauti har ya cika kunne, kai kuma ka saya ka jona ka ji wani abu busasshe kamar ba shi ba. To wannan karon akasin haka na gani. Ranar da ta iso na jona hedifon kai tsaye ba komai a tsakani, na sa osileta ta farko a kan zubin sautin da ake kira haƙorin zarto, na ɗaga ta biyun, na ɗan murɗa saitinta kaɗan ta kauce wa 'yar'uwarta, sai na danna maɓallin A na ƙasa. Jama'a. Sautin nan motsi yake yi, yana kumbura yana sacewa kamar abu mai numfashi. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, in ɗaya tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa ɗayar kuma 111, to sau ɗaya a kowace daƙiƙa za su haɗu su rabu, shi ne wannan lilon da kake ji. A kwamfuta ma ana yin haka, na sha yi, amma can lilon a ƙirge yake kullum iri ɗaya, nan kuwa kowane dannawa da ɗan bambancinsa. Filtar kuma irin mai yanke desibel 24 na ƙarar sauti a kowace oktaf ce, zubin wadda Robert Moog ya shahara da ita, irin wadda ke cikin sintisaizarsa Minimoog tun 1970, in ka rufe ta a hankali sai ka ji ƙaiƙayin saman yana narkewa ya bar maka gindin sautin kawai yana dukan ƙirji. Ban kwanta da wuri ba ran nan, layi ɗaya na bes na yi ta maimaitawa ina murɗa nob ɗaya tal.

Wata shida muna zaman lafiya a situdiyo. Na sa ta a waƙoƙi da dama, duk wanda ya shigo sai ya tambaya wannan bes ɗin daga ina. Na kuma lura tun lokacin cewa in na kunna ta da farko sai na ɗan taɓa saitin murya bayan wani lokaci, amma a ɗaki kana kai kaɗai wannan ba komai ba ne, ka murɗa ka ci gaba, ko a raina ban riƙe ba.

Sai ranar wasan. Babban zaure ne, shi ne mafi girma da muka taɓa samu, kuma ni da bakina na ce wa sauran a bar mai jitar bes ya koma jita ta biyu, ni zan riƙe ƙasan da wannan injin, don ina son mutane su ji abin da nake ji. Da rana muka yi gwajin sauti, ta daɗe a kunne, na daidaita ta da fiyano tsaf, mai miksa har ya ɗago min babban yatsa daga can baya. Bayan mun gama aka ce kowa ya kashe kayansa a ja su gefe saboda akwai wata ƙungiya kafin mu, aka tura teburina can lungu daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ta zauna nan kusan awa uku iska mai sanyi tana busa mata. Da aka kira mu aka jawo teburin da sauri, na jona, na kunna, na danna maɓalli ɗaya a hedifon na ji daidai ko kusa da daidai, na ɗan gyara, mai ganga ya ƙirga muka shiga. Ko minti biyu ba ta yi a kunne ba, ga fitilun dandamali a kanmu masu zafi.

Waƙar farko lafiya lau, ko in ce ban ji komai ba don ɗoki. A tsakiyar ta biyu na fara jin wani abu yana karo tsakanina da fiyano, irin lilon nan dai da na ce ina so, amma yanzu da sauri yake kuma mummuna, wuu-wuu-wuu a ƙarƙashin komai. Na ɗauka sifikar gabana ce. Sai na ga mawaƙiyarmu ta sa yatsa a kunne, ta waiwayo ta kalle ni, ta juya, ta sake waiwayowa. Wanda bai taɓa waƙa a dandamali ba ba zai gane ba, mawaƙi a kan bes yake tsayawa, shi ne ƙasan da yake takawa, in bes ya zame to shi ma sai ya bi shi ko ya bi fiyano, kuma duk wanda ya bi ɗayan zai nuna shi a matsayin mai kuskure. Yarinyar nan tana da kunne fiye da mu duka, ina kallo tana ta laluben inda za ta tsaya, muryarta tana rawa a wajen da ba ta taɓa rawa ba, mutanen layin gaba sun fara kallon juna. Kuma ita suke kallo. Wannan ne ya fi ci min rai har yau, babu wanda zai ce ɗan akwatin can gefe ne, kowa zai tafi gida ya ce mawaƙiyar ce ba ta iya ba.

Gumi ya karyo min. Hannun dama yana bugawa na kai na hagu kan nob ɗin saiti ina murɗawa da kunne cikin wannan ƙarar, na samu na daidaita na ƙasa, da muka hau amshi na tafi oktaf na sama sai na ji can kuma ya kauce, wato ba sauka kawai ta yi gaba ɗaya ba, tazarar da ke tsakanin maɓallan ma ta canza, in ka gyara nan can ya ɓaci. Ga osileta ta biyu ita ma ta kama nata hanyar daban. Da waƙar ta ƙare mawaƙiyar ta matso ta kauda makirfo ta ce min a hankali, Yaya don Allah me ke faruwa, ni ce? Na ce ba ke ba ce, ni ne, yi haƙuri. Na kashe osileta ta biyu gaba ɗaya, na rage ƙarar, na lallaɓa waƙa ta uku a oktaf ɗaya ban motsa ba, daga ta huɗu na koma fiyano na buga bes ɗin da hannun hagu. Abin takaicin, wajen ƙarshen wasa da na sake gwada ta a hedifon ta zauna daram, ta gama ɗumama, lokacin da ba ni da sauran ƙarfin zuciyar ɗaga ta.

Bayan nan na zauna na bi abin sosai don in san laifin waye. Irin waɗannan osiletocin da ƙarfin lantarki ake juya su, ƙa'idar da aka fi bi ita ce bolt ɗaya oktaf ɗaya, oktaf kuma maɓalli 12 ne, kenan tsakanin maɓalli da na kusa da shi wajen milibolt 83 ne kacal, in ka raba wannan gida ɗari, abin da ake kira sent, kowane ɗaya bai kai milibolt guda ba. Transistocin da ke juya wannan lantarkin ya zama murya kuwa zafi da sanyi na taɓa su, shi ya sa ake sa musu abin da zai rama canjin, kuma shi ya sa ake cewa a bar injin ya ɗumama. To na yarda, rabin laifin nawa ne, na ɗauko ta daga sanyi na jefa ta cikin zafi na ce ta yi aiki nan take. Amma ɗaya rabin fa? Na koma littafin da ya zo da ita, maganar ɗumamawa tana can wajen shafukan ƙarshe cikin ƙananan rubutu, layi ɗaya. Bidiyon gwaji kuwa na kalli sun fi goma kafin in saya, kowa yana murɗa filta yana lumshe ido, babu ko mutum ɗaya da ya ce kada ka hau dandamali da ita sai ta yi minti ashirin ko talatin a kunne.

Kuma abin da ya ƙara tunzura ni, wannan matsala ce da aka san maganinta tun kafin a haifi yawancinmu. Sintisaizar Prophet-5 da Dave Smith ya fitar a 1978 tana da maɓallin da za ka danna ta daidaita osiletocinta da kanta, kuma tana ajiye sauti 40 a ƙwaƙwalwarta. Roland a 1982 suka fito da Juno wadda agogon dijital ke riƙe wa osiletar murya don kada ta zame. A 1983 ga DX7 ta Yamaha, dijital zalla, ita babu ruwanta da zafin ɗaki. Shekara arba'in da wani abu kenan, amma a sayar min da sabon inji babu maɓallin daidaita kai, babu ko ɗan sautin A mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa a ciki da zan gwada da shi a hedifon. Na rubuta wa kamfanin, sai bayan kusan sati biyu aka amsa, amsar ma irin wadda ake tura wa kowa ce, wai haka analog take, in kuma tazarar oktaf ta ɓaci in kai wa mai gyara ya saita ta daga ciki. Ko tambayar abin da ya faru ba su yi ba.

Tunda na fara ma bari in faɗi sauran. Ba ta ajiye sauti ko ɗaya, duk abin da ka haɗa a kan nob-nob ɗin yake, wani ya goga da hannun riga ya tafi, wayata cike take da hotunan fuskar injin nan saboda haka kawai. In ka ba ta wuta ta USB daga kwamfutar da katin sautinka yake jone, wani siririn kuka ne zai biyo layin yana canzawa duk sanda ka motsa linzami, sai da na raba mata wuta daban ya tafi. Ramin MIDI ɗinta, inda ake jona ta da wasu injinan kiɗa, irin ƙaramin nan ne kamar na hedifon, kuma waɗannan iri biyu ne, A da B, wayoyin ciki a juye suke, na kwana biyu ina zargin injin gangata ashe adaftar da ke hannuna ce ba irin tata ba, ita kuma ba a sako tata a kwali ba. Sannan in ka ɗaga rezonans sosai, wato nob ɗin da ke ƙara wa filtar kaifi, gindin bes ɗin yana raguwa, wannan kam halin irin filtar ne ba zan ɗora musu ba, amma mai saye don bes ya sani.

Na yi niyyar sayar da ita, har na ɗauki hotuna. Sati uku tana cikin jaka ban buɗe ba. Sai muka zo ɗaukar wata waƙa mai sanyi, na haɗa bes a kwamfuta na yi ta gyara ya ƙi zama, mawaƙiyar nan dai da na kunyata ita ce ta ce Yaya ina ƙaramar nan, ɗauko ta mana. Na kunna ta muka yi hira rabin awa, na daidaita, na sa ɗan zamiya tsakanin maɓallan yadda murya za ta riƙa gangarawa daga ɗaya zuwa ɗaya, ɗauka biyu muka gama. Da muka saurara babu wanda ya yi magana sai da waƙar ta ƙare. Na goge hotunan a daren.

Yanzu ita nake fara kunnawa kafin in warware ko kebul ɗaya, na sayi tuna, na'urar duba saitin murya irin ta masu jita, na sa a layinta yadda zan duba shiru tsakanin waƙa da waƙa, kuma na kai an saita mata oktaf ɗin. A situdiyo ba ta ƙara ba ni matsala ba ko sau ɗaya. Dandamali kuwa ban sake hawa da ita ba. Muna da wasa ƙarshen watan nan, na riga na kira mai kula da sautin wajen na ce Malam ina roƙon soket ɗaya da ba za a kashe ba daga gwaji har mu hau, kuma kada a ajiye min tebur kusa da na'urar sanyi, ya ce zai duba. In bai tabbatar min ba kafin ranar, a gida zan bar ta in ɗauki fiyano.