Hattara da mai gyaran baka a gareji, saiti kawai yake matsarwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman waɗanda ke zaune a Ohio da kewaye kuma suka shiga farautar barewa da bakan nan mai tayoyi. Lokacin farauta da baka yana buɗewa a ƙarshen Satumba, kuma daidai wannan lokaci ne wani mutum ke baza talla a Facebook cewa shi gwanin gyaran baka ne. Ni ya riga ya ci kuɗina, shi ya sa nake faɗa.

Matsalata ita ce wadda duk maharbi ya sani. Duk damina ina atisaye da kan kibiya mai tsini kawai, kibau suna taruwa wuri guda a yadi 30. Ranar da na ɗaura kai mai wuƙaƙe, wanda da shi ake farautar, sai kibau suka koma ƙasa ta hagu, tazarar ta kai tafin hannu. Wuƙaƙen nan kamar fukafukai suke a gaban kibiya. In ta bar tsirkiya a karkace ko kaɗan, iska ta kama su, su ja ta inda suka ga dama. Kan atisaye yana rufa wa baka asiri, mai wuƙa kuwa tona shi yake yi.

Mutumin ya ce in kawo, dala 120, in dawo bayan kwana biyu. Garejinsa cike da ƙahonin barewa a bango, bakinsa kuma kamar zuma. Na dawo, ya ajiye allon harbi a yadi 20, ya miƙo mini kibiya mai wuƙa, na saki, ta faɗa tsakiya. Na ce a ba ni ta atisaye in gwada, ya ce ai babu lokaci, wani na jira. Ya kuma tallata mini kawunan kibiya shida masu wuƙa da ya ce na babban kamfani ne, a rabin farashi, wai da su ba sai an sake gyara ba. Na biya ta manhajar waya, irin biyan da in ya tafi ya tafi.

A bayan gida na gane. Masu wuƙa suna tsakiya, na atisaye sun haye sama ta dama. Tazarar nan ta tafin hannu tana nan daram. Abin da ya yi kawai, ya kwance saiti, wato abin da ke jikin baka da ake auna wurin harbi da shi, ya matsar da shi, aikin minti biyu. Saiti ba ya haɗa kibau biyu da suka rabu, duka yake ɗauke su tare ya kai wani wuri. Kuma kibiyar da ke fita a karkace, a yadi 20 tana ɓoye laifinta, a yadi 40 ne take nuna hali, ga shi ba ta nutsewa sosai a jikin dabba. Kai musulmi da ka yi bismilla ka saki kibiya, ba ka son barewa ta tafi da rauni ta mutu a daji.

Wani dattijon maƙwabcina, wanda ya daɗe yana wannan farauta, shi ya zauna da ni ranar Asabar. Da farko ya ɗora kawunan shida a ƙaramin sikeli. A kwali an rubuta giren 100, wato kusan giram shida da rabi, amma babu biyu da suka zo daidai. Ya ɗaura su a kibiya ya murza a tafin hannunsa, huɗu suna rawa kamar tayar keken da ta lanƙwashe. Jabu ne, ya ce, ya tura su gefe. Daga nan ya sa na harba ta cikin takardar da ya ɗaure a katako, ina tsaye kamar taku biyu. Maimakon rami zagaye, sai yaga mai wutsiya ta sama. Ya duba ko tayoyin biyu suna juyawa tare, ya duba ƙarfin sandar kibiya ko ya dace da nauyin jan tsirkiyata, wato fam 65. Sannan ya taɓa mazaunin kibiya, wato inda kibiya ke kwanciya a jikin baka. Tunda masu wuƙa ƙasa suke faɗawa, ya ɗaga shi, amma kaɗan ƙwarai, kashi ɗaya cikin 32 na inci. A harba uku-uku, a duba. Ta gefe ma haka, in tazara ta ragu a ci gaba, in ta ƙaru a koma baya. Sai da suka haɗu a yadi 20, suka haɗu a 40, sannan ya ce to yanzu a taɓa saiti. Bai karɓi ko sisi ba, shayi kawai ya sha.

Don Allah duk wanda zai kai bakansa gyara, ya ɗauki hoton saiti da mazaunin kibiya kafin ya miƙa, ya kuma harba iri biyun a gaban mai gyaran kafin ya biya. Na rubuta wa mutumin, ya toshe ni. Makon jiya na ga tallar ta dawo da wani suna, amma garejin shi ne, har da ƙahon nan mai karyayyen reshe a saman ƙofa.