Tsohuwar motar soja da na saya saboda rairayin Eleko

Wata bakwai ke nan da na sayi Marsandi 1017 ɗin nan, irin wadda sojojin Jamus suka gama da ita suka yi gwanjonta, kuma har yau idan aka tambaye ni ko na dace sai na ɗan yi jim kafin in amsa.

Kayan gini nake sayarwa. Shagona yana Ajah a Legas, amma yawancin masu sayen kayana yanzu suna can gaba, Ibeju-Lekki da bayan Eleko, inda kowa ya ruga ya sayi fili tun da aka kafa matatar Dangote. Wasu filayen ko jar ƙasa ba a zuba musu ba, balle kwalta, rairayin bakin teku ne zalla a tsakanin bishiyoyin kwakwa. Masu tifa da sun zo ƙarshen hanya sai su sauke kaya su ce nan kuɗinsu ya ƙare, sauran tafiyar sai 'yan dako. Kuɗin dakon nan shi ke cinye ribar, shi ya sa na ce bari in nemi motar da za ta kai kaya har bakin gini.

Na zaga kafin in saya. Unimog na fara so, don babu wanda ke musun ƙarfinta a daji, amma wadda na gani ba ta wuce ɗaukar tan 2, ga tsadar kayan gyara. Babbar MAN ɗin soja mai injin Deutz, wanda iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, kallo ɗaya na yi mata na san gas ɗinta zai kai ni ƙasa. Ta Ingila kuwa sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka bar wannan hannun, ban son rigimar takardu. Sai ya rage saura biyu, wata Steyr ta sojojin Ostiriya mai faffaɗar taya ɗaiɗai, da wannan 1017 mai taya bibbiyu a baya. Bakanikena ya ce in ɗauki Marsandi, domin injinta OM352 ne, dangin na 911 da muka taso muka gani, duk abin da ya lalace za a same shi a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo kafin azahar. Dillali kuma ya buga ƙirji ya ce, "Alhaji, wannan ko a Sahara ka sa ta, tafiya za ta yi." Mitarta ma ba ta nuna wata doguwar tafiya ba. Na biya.

Tun ranar farko aka tsare mu a wani shinge saboda fentinta. Ashe akwai doka tun 1977 da ta hana farar hula hawa mota mai koren soja. Wannan laifina ne, ban tambaya ba, shi kuma dillalin bai faɗa ba. Kwana huɗu ta yi a wajen mai fenti ta fito shuɗiya.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a lodinmu na uku. Siminti buhu 100 muka ɗauka, tan 5 ke nan cif. Direbana ya bi ta gefen ruwa inda rairayi ke da danshi, don ya fi tauri, kuma wallahi har na fara murmushi, motar tana tafiya kamar a kan kwalta. Da muka zo daidai filin sai ya karya kan mota zai haura busasshen rairayi. Ko tsawon mota biyu ba mu yi ba ta tsaya. Ya sa fowil, ya kulle tayoyin baya su juya tare, ya taka totur. Ina tsaye ina kallo tayoyin suna watso rairayi suna haƙa wa kansu rami, kafin in ce ya dakata aksul ɗin baya ya zauna a ƙasa daram. Mota ta kafe. La'asar ta wuce, ruwan teku kuma ya fara cikowa, kowace igiya sai ta matso fiye da ta baya.

Ban taɓa jin kuɗina na narkewa a gaban idona irin ranar ba. Na kira dillalin har sau biyar, wayarsa na ringin ba ya ɗagawa.

Wani dattijo Buzu ne, mai gadin wani gini a kusa, ya taho da butar shayinsa a hannu ya zagaya motar sau ɗaya. Ya buga taya da ƙafa ya ce wa direba, "Yaro, da wannan iskar za ka hau rairayi?" Ashe a ƙuruciyarsa ya yi yaron mota a hanyar Agadez. Na ce, "Baba, to yaya za a yi?" Ya ce a sauke rabin kaya tukuna, sannan a sace iska. Tayoyin suna wajen geji 90, yadda mai faci ya cika su don kwalta. Ya tsuguna da tsinke yana sacewa, yana kallon cikin tayar yana faɗi a ƙasa. Na gaba ya sauke su sosai. Na baya kuwa da suka zo wajen 40 ya tsaya, ya sa hannu tsakanin tayoyin biyu ya nuna mini sun kusa haɗuwa. Ya ce in aka ƙara za su riƙa gogar juna har su yi zafi su fashe, kuma wannan shi ne ciwon mota mai taya bibbiyu a rairayi: ba ta sacuwa yadda ake so, sannan ta baya ba ta bin sawun ta gaba, kowacce sai ta buɗe nata sabon rami. Nan take Steyr ɗin da na bari ta faɗo mini a rai.

Muka haƙe gaban tayoyin da shebur, muka shimfiɗa katakon kafinta da ganyen kwakwa. Ya hana direba taka totur, ya ce ƙaramar giya, lamba biyu, ya saki kuloci a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Motar ta yi nishi, ta ɗago, ta fito. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Amma kafin nan igiya ta riga ta taɓa buhunan da muka jibge a ƙasa, 14 suka sha ruwa, washegari sun zama dutse.

In faɗi gaskiya, daga ranar motar ta shiga raina. Da aka gane sirrin iska sai ta zama wata aba daban. Tana da wurin jona tiyo a tankin iskar burki, muna fitowa kwalta sai mu mayar da iskar tayoyin da kanmu, ba sai mun nemi mai faci ba. Injin bai taɓa ba ni kunya ba, safiya ɗaya bai ƙi tashi ba, kuma maganar bakanike ta tabbata, har famfon gas na samu a Ladipo ba tare da wahala ba. Filayen da masu tifa ke gudu yanzu ni ake kira. Wani ɗan kwangila ma haya yake ɗaukarta duk ranar Asabar.

Sai dai duk lokacin da na fara yabonta sai in tuna tayoyin, raina ya sake ɓaci. Mako biyu bayan wancan abin, ɗaya ta baya ta fashe ta gefe a kan titin Lekki zuwa Epe, Allah ya sa ba a guje muke ba. Mai faci ne ya nuna mini lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Nawa sun haura shekara goma sha biyar. Zanensu sabo fil, domin motar a ajiye ta yi rayuwarta a bariki, amma robar ta bushe ta tsattsage. Haka tiyon burki biyu, haka robobin da ke riƙe mai. Ƙarancin tafiyar da aka yi mini ado da shi, ashe shi ne ciwon. Dillalin nan ya san haka sarai, sana'arsa ce, ya karɓi la'adarsa ya yi shiru.

Dole na canza duka zuwa faffaɗar taya ɗaiɗai, 385/65 R22.5 irin ta tirela, da sababbin rim. Kun san farashin taya a Legas yanzu, ba sai na faɗa ba. Da na haɗa wannan da fenti da simintin da ya lalace, na haura kuɗin da aka yi mini na Steyr ɗin nesa ba kusa ba. Ga batir biyu da take ci, don wutarta 24 ce, ko ƙwan fitila sai ka faɗa wa mai shago. A gosulon Ajah kuwa cikin gidan direba tanda ne, ƙarar inji ba ta barin ka ji waya. Gishirin teku ma bai raga mata ba, in ba a wanke ƙarƙashinta da ruwan daɗi duk dawowa ba, cikin mako za ka ga tsatsa ta tsiro a jikin sifirin.

Baban nan Buzu kam duk shigarmu sai na kai masa sukari da ganyen shayi, kuma har yanzu sai ya buga tayar da ƙafa kafin ya gaishe ni. Dillalin kuwa shekaranjiya ya kira ni da kansa, wai an sauke wata mai aksul uku a tashar jiragen ruwa ta Tin Can, in zo in gani kafin wani ya riga ni. Na ce ya fara karanto mini lambobin da ke jikin tayoyinta. Ya ce zai sake kira.