Continental ExtremeContact DWS06 Plus da Michelin Pilot Sport All Season 4: Wacce Ta Fi Dacewa da Motarka?

Duk tayar da mota ta fito da ita daga kamfani wata rana za ta suɗe, kuma a lokacin da mai mota ya tashi neman waɗanda za su maye gurbinta ne yake gane cewa tayoyi biyu za su iya zama girmansu ɗaya amma halinsu a kan kwalta ya sha bamban. Wannan nazari ya taƙaita ne ga rukuni guda, wato tayoyin da aka ƙera domin motoci masu ƙarfin inji da kaifin sitiyari, waɗanda kuma ake so su yi aiki a zafi da ruwan sama da sanyi ba tare da an riƙa sauya su da sauyawar yanayi ba. A cikin wannan rukuni, Continental ExtremeContact DWS06 Plus da Michelin Pilot Sport All Season 4 su ne na fi sani. Ta farkon ita ce a ƙafar motar da nake hawa kullum, ta biyun kuma na tuƙa mota mai ɗauke da ita sosai har zan iya kwatanta su. Ra'ayina shi ne, ga mota ta zirga-zirgar yau da kullum Continental ta fi dacewa, amma ga wanda daɗin tuƙi shi ne babban abin da ya sa ya sayi motarsa, Michelin ce za ta fi gamsar da shi.

Kafin a shiga kwatanci, ya kamata mai saye ya san abin da zai sadaukar domin ya samu abin da yake nema. Robar tayar lokacin zafi takan fara taurarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da kimanin digiri 7 a ma'aunin Salshiyos, kuma roba mai tauri ba ta kama hanya. Tayar hunturu kuwa robarta laushi gare ta, shi ya sa take suɗewa da sauri a kan kwalta mai zafi. Tayar kowane yanayi tana tsakiyar waɗannan biyun: ana cakuɗa robarta da sinadarin silika domin ta riƙe laushinta a sanyi ta kuma kama jiƙaƙƙiyar hanya, sannan ana yi wa zanenta ƙananan tsage-tsage masu yawa waɗanda suke cizon dusar ƙanƙara. Waɗannan tsage-tsagen ne kuma suke sa tubalan zanen su ɗan riƙa motsi idan aka shiga kwana da gudu, saboda haka a busasshiyar hanya mai zafi tayar lokacin zafi mai kyau za ta riga ta tsayawa idan aka taka birki. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: tayar lokacin zafi ba ta tsoron ruwan sama, hasali ma masu ingancin cikinsu suna daga cikin mafi riƙon hanya a ruwa matuƙar babu sanyi. Don haka wanda yake zaune inda sanyi ba ya tsananta, ribar da zai samu daga tayar kowane yanayi ita ce daɗewa da sauƙin tafiya, ba ƙarin riƙon hanya ba, kuma ya dace ya yanke shawara da sanin haka.

Rubutun da ke gefen taya shi ne abin da ba a wasa da shi. Idan aka ga 225/45 R17 94W, ma'anarsa faɗin tayar milimita 225 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, kuma rim mai inci 17 take hawa. Lamba 94 tana nufin kowace taya za ta iya ɗaukar kilo 670, harafin W kuma yana nufin an gwada ta har gudun kilomita 270 a awa ɗaya. H kilomita 210 ne, V 240, Y kuwa 300. Ko da mutum ba zai taɓa kusantar irin wannan gudu ba, bai kamata ya sauko ƙasa da abin da masu ƙera motar suka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ba, domin harafin yana nuna ƙarfin ginin tayar da juriyarta ga zafi. Haka nan idan motar ta zo da taya mai alamar XL, wadda aka ƙarfafa domin ƙarin nauyi, sai a nemi irinta.

Abin da ya ja ni ga Continental shi ne halinta a ruwa, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a auna kowace taya, domin a busasshiyar hanya kusan duk taya mai suna tana da riƙon da ya wuce buƙatar direba mai hankali, amma a ruwa ne tazarar da ke tsakaninsu take bayyana. Duk nauyin mota da birkinta da juyawarta suna dogara ne ga wurare huɗu da taya take taɓa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu ba, kuma idan ruwa ya shiga tsakanin wannan ɗan wuri da kwalta, sitiyari ya zama ba shi da amfani. DWS06 Plus tana da manyan magudanai da suka zagaye ta waɗanda suke kore ruwa da sauri, kuma a ruwan sama mai ƙarfi a kan babbar hanya na same ta tana tafiya a miƙe, ba ta jan mota gefe idan ƙafa ɗaya ta faɗa cikin ruwan da ya kwanta. Idan aka taka birki da ƙarfi a jiƙaƙƙiyar hanya, motar tana tsayawa ba tare da na'urar hana birki kullewa ta yi ta bugawa ba. Abin da ya fi burge ni ma shi ne, idan aka kusanci iyakar riƙonta a kwana, tana sanar da direba sannu a hankali, ba ta saki farat ɗaya ba, kuma wannan hali ya fi ƙarin riƙo daraja ga wanda ba direban tsere ba ne.

Tana kuma da laushin tafiya wanda ba a saba samu a taya mai gajeren gefe ba. Ƙananan ramuka da gaɓoɓin hanya ba sa isowa kujera da kaifi, ƙararta kuma kaɗan ce a doguwar tafiya. Wannan laushi daga gefen tayar yake zuwa, kuma shi ne ya sa amsawarta ga sitiyari take ɗan jinkiri: idan aka juya da sauri, akwai ɗan lokaci ƙanƙani kafin gaban motar ya bi. Zaɓi ne da masu ƙera ta suka yi da gangan, kuma a ganina zaɓi ne mai kyau ga yawancin direbobi.

Akwai wata dabara a jikinta da nake fatan sauran kamfanoni su kwaikwaya. An sassaƙa haruffa uku, D da W da S, a cikin zanen tayar da zurfi daban-daban. Idan S ya goge, tayar ta daina dacewa da dusar ƙanƙara. Idan W ya bi shi, riƙonta a ruwa ya ragu. D ne yake saura na busasshiyar hanya. Mai mota ba ya buƙatar wani ma'auni, idonsa ya ishe shi.

Michelin Pilot Sport All Season 4 ta fito a shekarar 2020, kuma kamfanin Chevrolet ya amince da ita har ya ɗaura ta wa motarsa Corvette tun daga masana'anta, abin da yake nuna irin matsayin da aka ƙera ta domin ta kai. Da zarar an kama sitiyari ana jin bambancin. Gefenta ya fi ƙarfi, tubalan zanenta na waje manya ne, saboda haka mota tana shiga kwana a daidai lokacin da hannu ya juya, kuma direba yana jin abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. A busasshiyar hanya mai lanƙwasa ta fi Continental daɗin tuƙi, ba na shakkar wannan, kuma a ruwa ma ba ta baya. Abin da ake biya a madadin haka shi ne ta fi isar da girgizar hanya cikin mota, musamman a rim mai inci 19 ko 20 inda gefen taya ya riga ya yi gajere. Wanda hanyoyinsa sumul suke ba zai damu ba. Wanda kuma yake ɗaukar iyali a bayan mota ta hanyoyi masu gargada, ya kamata ya saka su a lissafinsa.

Game da daɗewa, a kasuwar Amurka Continental tana ba da garantin mil 50,000, kimanin kilomita 80,000 ke nan, Michelin kuma mil 45,000, wato kimanin kilomita 72,000. A motar da tayoyin bayanta suka fi na gaba faɗi, yadda ba za a iya musanya musu wuri ba, akan rage garantin na baya zuwa rabi. Za a kuma ga lambar suɗewa a gefen taya bisa tsarin UTQG na Amurka, tare da darajar riƙon jiƙaƙƙiyar hanya daga AA zuwa C da ta jure zafi daga A zuwa C. Ban ba lambar suɗewar muhimmanci sosai ba, domin kamfanoni ne da kansu suke sanya ta, saboda haka ta fi amfani wajen kwatanta tayoyin kamfani ɗaya. Inda taya take ɗauke da takardar Tarayyar Turai, wadda tun 2021 take jera riƙon ruwa da shan mai daga A zuwa E, harafin riƙon ruwa ne ya fi cancantar a duba.

Ga wanda yake zaune inda dusar ƙanƙara take sauka sosai, dole ne a faɗi gaskiya: tayoyin nan biyu alamar M+S (laka da dusar ƙanƙara) kawai suke da ita, wadda ta dogara ga siffar zane, ba su da alamar dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki wadda sai an ci gwaji ake samu. Za su iya fitar da mutum daga 'yar dusa mara kauri, amma a kan ƙanƙara daskararriya ba su kai tayar hunturu ba ko kusa. Michelin CrossClimate 2 tana da wannan alama, sai dai ba ta da kaifin waɗannan biyun. Bridgestone Potenza Sport AS da Pirelli P Zero AS Plus 3 da Goodyear Eagle Exhilarate su ma suna cikin rukunin, kuma sun cancanci dubawa idan ba a samu girman da ake nema ba.

Taya mai kyau tana iya lalacewa a wurin ɗaurawa, shi ya sa nake ganin bai kamata mai mota ya miƙa makulli ya tafi ba. A fara duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen tayar, waɗanda suke nuna lokacin ƙera ta: 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024, kuma babu dalilin karɓar tayar da ta shekara da shekaru a ajiye a matsayin sabuwa. Duka tayoyin biyu zanensu na ciki ya bambanta da na waje, don haka gefen da aka rubuta Outside shi ne zai kalli waje. A sa sabon bawul, a daidaita nauyin kowace ƙafa a na'ura domin kada sitiyari ya riƙa rawa, a kuma daidaita tsayuwar ƙafafun, domin ƙafa karkatacciya tana iya cinye gefen sabuwar taya tun tsakiyarta bai fara suɗewa ba. Sauya huɗun gaba ɗaya shi ne mafi kyau, kuma a motar da ƙafafunta huɗu duk suke ja kusan wajibi ne, saboda bambancin zurfin zane yana wahalar da na'urar raba ƙarfi. Idan guda biyu kawai za a iya saye, a baya ake ɗaura su ko da motar da gaba take ja, domin idan baya ya zame a ruwa motar juyawa take yi, kuma direbobi ƙalilan ne suke iya dawo da ita.

Iska kuma a bi adadin da ke jikin ƙofar direba, a auna tun taya ba ta yi zafi ba. Lambar iska da ke gefen taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar take buƙata ba. A ɗaruruwan kilomitocin farko a yi tuƙi a hankali, saboda sabuwar taya takan zo da ɗan santsi daga masana'anta. Dokokin ƙasashe da dama sun yarda a yi amfani da taya har zanenta ya sauko milimita 1.6, inda 'yan tudun da ke cikin magudanan suke daidaita da saman zanen, amma riƙon ruwa yakan ragu sosai tun kafin a kai nan, saboda haka ni a wajen milimita 3 nake fara shirin sauyawa. Ko da zanen bai suɗe ba, Michelin da kanta tana ba da shawarar a riƙa kai taya ƙwararre ya duba ta duk shekara idan ta kai shekara 5 tana aiki, a kuma cire ta idan ta cika shekara 10 daga ranar ƙera ta, har da wadda take ajiye a but.