Mitar kati a gidajenmu: inda ta yi daidai da inda take wahalar da mutane

Duk wanda ya zauna a Kano ko Kaduna ko Gusau a ƙarƙashin bil ɗin ƙiyasi ya san yadda ƙarshen wata yake. Takarda a maƙale a jikin ƙofa, ɗauke da adadin da ba a san inda aka samo shi ba, bayan kwana biyu kuma ga motar masu yanka da tsani a bayanta. Ko taransifoma ta yi kwana goma a ƙone, bil ɗin babu ruwansa. Wannan ne ya sa mutane suka yi ta neman mitar kati ido rufe. Amma da ta shigo gida sai wani sabon kuka ya tashi: wai tana gudu, wai tana shan kati kamar ruwa, wai kamfani na iya juya ta daga ofis. Hukuncinmu a kanta shi ne, mitar ta fi ƙiyasi nesa ba kusa ba, kuma yawancin laifin da ake ɗora mata ba nata ba ne. Tana da nata aibun dai, za mu zo kansu.

Irin wadda aka fi sakawa yanzu kashi biyu ce. Ainihin mitar tana can saman turken wuta ko a cikin akwati a bangon waje, a cikin gida kuma akwai ƙaramar na'ura mai allo da maɓallan lamba, wadda mutane ke kira rimot. Ta saman ita ke auna wuta, ita ke riƙe lissafi, a cikinta kuma akwai makunnin da ke katse gida idan yunit ya ƙare. Rimot ɗan aike ne kawai. Ko ya faɗi ya fashe, yunit ɗinka na nan. Samfuran da ake yawan gani sun haɗa da Mojec, Conlog, Hexing da Momas, kuma duk tsarin kati ɗaya suke bi, lambobi 20. Ba kowace mitar kati ce ke magana da kamfani ba. Wadda ke iya aika bayani ofis sai an sa mata na'urar sadarwa, sauran kuwa abin da ka danna musu kaɗai suka sani. Kuma ko mai sadarwar ce, farashi ba a cikinta ake lissafa shi ba, a wurin sayen kati ake yi.

Nan ne ruɗani na farko yake. Mitar ba ta san naira ba, yunit ta sani. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Idan ka biya kuɗi, ana cire harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, idan akwai tsohon bashi a kan gidan a cire wani abu, ragowar a raba da farashin rukunin da layinku yake. Rukunin A su ne aka yi wa alƙawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya dawo naira 209.5. A wannan farashi, naira 10,000 na ba da yunit 44 da ɗan ɗoriya, in babu bashi. Mutumin da jiya wannan kuɗi ke kai shi ƙarshen wata, yau ya ga sati bai cika ba, dole ya ce mita ta haukace. Alhali layinsu aka mayar rukunin A. Saboda haka abin fara dubawa shi ne rasit: farashin yunit nawa, an cire bashi ko ba a cire ba. Wani alheri da ba a cika lura da shi ba, yunit ɗin da ka riga ka loda yana nan a matsayinsa ko farashi ya tashi gobe.

Sai maganar gudu, wadda ita ce ta fi cin rai. A zamanin ƙiyasi babu wanda ke kashe ƙwan ƙofar gida da rana, domin kashewa da barinsa duk kuɗi ɗaya ne. Mitar kati ta zo ta tarar da wannan ɗabi'a. Ga lissafin: fankar sama ta gargajiya tana cin wajen wat 75, idan ta kwana tana juyawa awa 10 ta ci kashi uku cikin huɗu na yunit. Fanka huɗu, yunit 3 ke nan kowane dare. Tsohon ƙwai mai wat 100 a awa 10 yunit guda cur, na LED mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka. Dutsen guga da hitar dafa ruwa kowanne na kaiwa wat 1,000 ko fiye. Injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya wajen wat 750 ne. Esi mai doki ɗaya da rabi na iya cin sama da yunit ɗaya a awa, to a zafin watan Afrilu idan ya kwana a kunne, wancan katin na naira 10,000 ba zai wuce kwana huɗu ko biyar ba. Akwai kuma ɓarawon da ba a gani: inbata. Batura biyu masu 200Ah idan sun sauka rabi, cika su na cin kusan yunit 3, kuma da an kawo wuta suke fara ja, ko da komai na gidan a kashe yake. Haka firizar da robar bakinta ta saki, injinta ba ya hutawa.

Idan an yi wannan lissafi kuma har yanzu abin bai yi daidai ba, akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da ya taɓa waya ba. A lokacin da akwai wuta, rubuta yunit ɗin da ke kan allo, ka sauke babban makunnin gida, ka jira kamar awa ɗaya, sannan ka mayar ka duba. Idan ya ragu, matsalar tana tsakanin mita da makunnin: ko wani ya ja layi daga wayarka, ko wayar ta goge tana zubar da wuta. Idan bai ragu ba, sai ka bar makunnin a sama, ka zare duk abin da ke soket, ka kashe fitilu, ka sake jira. Raguwa a nan na nufin wayarin cikin gida ne ke yoyo, galibi inda danshi ya shiga bango, ko tsohon haɗin da aka naɗe da leda. Sai a bi ƙananan makunnan akwatin rarraba wuta ɗaya bayan ɗaya har a gano layin. Gwaji na ƙarshe na mitar ce kanta: a kashe komai, a kunna hita mai wat 1,000 a nutse cikin bokitin ruwa na rabin awa. Ya kamata a ga ragin kusan rabin yunit, ko ƙasa da haka idan wutar ba ta da ƙarfi. In ta ci ninkin haka, to akwai hujjar kai ƙara.

Abin da ya fi yawan kama gidajen haya shi ne haɗakar baƙar waya, wato nutural. Tsofaffin masu wayarin kan ja baƙar waya ɗaya ta zagaye ɗakuna duka, don a rage kashe kuɗi. Mitocin yanzu da yawa suna auna abin da ya bi ta jar waya da abin da ya dawo ta baƙa, su ɗauki wanda ya fi yawa, dabara ce ta kama masu satar wuta. To idan wutar maƙwabci tana komawa ta baƙar wayarka, kai za ka biya gugarsa. Mitar ba ta yi ƙarya ba, abin da ya ratsa ta ta ƙirga. Maganin shi ne kowace mita ta samu jar wayarta da baƙarta daban tun daga turke har ɗaki. Aikin yini ɗaya ne ga mai gyaran wuta da ya san hannunsa, kuma ya fi arha a kan rigimar da ake kwana ana yi a tsakar gida. Gidan da ke da haya shida a kan mita ɗaya kuwa, babu na'urar da za ta raba musu gardama, sai dai kowane ɗaki a sa masa ƙaramar mitar ƙirge a riƙa karo-karo bisa abin da ta nuna.

Yanzu ga inda mitar ke da laifi na gaskiya. Rimot shi ne raunin tsarin gaba ɗaya. Yawancinsu ta cikin wayar wuta suke magana da mitar sama, don haka dole a soka shi kai tsaye a soket ɗin bango. Ta cikin sitabilaiza, ko a kan janareta, ko inbata, saƙon ba ya isa. Ranar da yunit ya ƙare ƙaf da tsakar dare, gida ya yi duhu, sai a tarar baturan rimot sun mutu tun tuni babu wanda ya lura. A nan sai an sa sabbin batura, a tabbatar makunnin sauya layi yana ɓangaren wutar kamfani, a kashe manyan kaya, sannan a danna lambobin. Idan unguwar gaba ɗaya babu wuta, kati ba zai shiga ba sai an kawo, domin mitar sama a mace take. Wannan ƙira ce da ba ta yi la'akari da ƙasar da wuta ke ɗaukewa sau biyar a rana ba. Dabarar kawai ita ce kada a bari ya kai sifili. Da allo ya nuna yunit 5, a loda.

Kati na mita ɗaya ne tak, kuma sau ɗaya yake shiga. Wanda ya yi kuskure a lambar mita wajen saye a POS ko manhajar banki, yana iya saya wa wani, kuma dawo da kuɗin wahala ne. A karanta sunan da ya fito kafin a tabbatar. Idan aka yi ta danna lambar da ba daidai ba, wasu mitocin kan kulle maɓallan na ɗan lokaci, ƙara dannawa ƙara jira. Akwai kuma ranakun da na'urar sayar da kati ta kamfani ke tsayawa, kuɗi ya fita, lamba ba ta zo ba, ga wuta a unguwa kai kana duhu. A tsarin da aka ce biya kafin ka sha, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne, kuma kamfanonin ba su ɗauke shi da muhimmancin da ya kamata ba.

Mitar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba, kamar ta gidan da ya shekara biyu a rufe, tana iya ƙin karɓar sabon kati saboda wani dalili daban. Kowane kati na ɗauke da ƙirgen mintuna da aka fara daga 1993, kuma wannan ƙirge ya cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Duk mitar da ba a sabunta ba sai an karɓo mata lambobin sauya makulli guda biyu, kowace mai lamba 20, a shigar da ta farko, a shigar da ta biyu, sannan katin wuta. Kyauta ake bayar da su. Wanda ya ce a biya shi kuɗin wannan, cuta ce.

Samun mitar ma wani aiki ne. Akwai tsarin MAP na 2018, inda mutum ke biya a saka masa, a riƙa mayar masa da kuɗinsa a hankali ta hanyar yunit, ƙa'ida kuma ta ce a saka cikin kwanakin aiki 10 bayan biya. Akwai shirin gwamnatin tarayya na raba mita kyauta da aka fara a 2020, wanda bai kai ko'ina kusa da yawan masu buƙata ba. A Satumbar 2023 farashin mai layi ɗaya ya kai kusan naira 82,000, mai layi uku kusan 144,000, daga 2024 kuma aka sake farashin ga kasuwa, ya ƙara hawa. Gida mai fanka da firji da esi ɗaya, mai layi ɗaya ta ishe shi. A biya ta asusun da kamfani ya bayar a hukumance, KEDCO ne ko Kaduna Electric ko JED ko YEDC, kada a damƙa wa wani a hannu don ya ce zai gaggauta. A kuma sani mitar ta gidan ce, ɗan haya ba ya cire ta ya tafi da ita. Mai shiga sabon gida ya nemi a duba masa bashin da ke kan lambar tun kafin ya biya haya, in ba haka ba shi za a riƙa yanka a kowane kati.

Masu zuwa su ce za su rage mata gudu, ko su zagaye ta da waya don esi da hita, suna sayar wa mutane masifa ne. Da an buɗe murfin da wayoyi ke shiga, mitar kan gane, ta katse wuta, kuma ba ta dawowa sai kamfani ya ba da lambar sharewa bayan ya zo ya duba. Tun farkon 2025 tarar kamun farko a mita mai layi ɗaya naira 100,000 ce, ban da biyan wutar da aka sha a ɓoye. Haɗin zagaye kuma shi ne irin wanda ke yin zafi ya narke cikin silin.

Wanda ya yi gwaje-gwajen nan ya tabbatar mitarsa ce ke da matsala, ya rubuta ƙorafi a takarda zuwa sashen ƙorafin kamfani, da lambar mita, da kwanan wata, da adadin yunit kafin gwaji da bayansa, ya karɓi shaidar an karɓa. Idan kwanakin aiki 15 suka wuce babu gyara, sai ya ɗauki kwafin takardar da rasit ɗinsa na watanni uku zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC mafi kusa, akwai a Kano, akwai a Kaduna. Haka ma wanda ake caja a farashin rukunin A alhali ba ya samun awa 20: ya riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa na sati biyu a littafi, maƙwabta biyu ko uku su yi nasu, a haɗa a kai tare.