Romon haƙarƙarin alade da daikon a Taiwan: dafaffe ko soyayye?

Daikon farin tushe ne, kamar ƙaton karas. Mai son romo garai-garai, ya sa haƙarƙari giram 600 a ruwan sanyi, ya tafasa, a zubar da ruwan, a wanke kumfar. In ba haka ba romon ya yi duhu da ƙarni. Sai sabon ruwa lita 2 da citta, wuta kaɗan minti 40, a zuba daikon, a ƙara minti 25. Kafin a zuba daikon, a fere ɓawonsa da kauri, don nan ɗacin yake.

Soyayyen kuwa, a jiƙa naman a ruwan waken soya mai gishiri (soy sauce) da tafarnuwa, a barbaɗa sitacin dankalin Hausa, a soya, sannan a turara shi da daikon cikin romo. Ya fi ƙamshi da maiƙo, amma aikinsa ninki biyu ne.