Asibitin ƙashin da muka kwana 9 a Jos, na ba su 4 cikin 5

Sunan asibitin dai ba zan faɗa ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi. Yarona ɗan shekara 6 ya tashi da zazzaɓi, ƙafar hagu ya ƙi takawa, ko wando za a sa mishi sai ihu. Kakarshi ta ce targaɗe ne a kira mai ɗori, muka ɓata kwana biyu ana shafa man zafi wlh har yanzu abin na ci na.

Da muka je aka yi hoton ƙashi ba a ga komai ba, ni har na fara haɗa jaka, likitan ya ce "Hajiya zauna tukuna, ciwon ƙashi sabo ba ya fitowa a hoto sai ya kai kwana 10 zuwa 14." Ya sa aka yi sikanin da gwajin jini na CRP da ESR masu nuna kumburi a jiki, sai ga mugunya taf a gaɓar kwatangwalo. A daren aka shiga da shi tiyata aka wanke, ya ce in ta kwana a ciki tana cinye guringuntsi, yaro ya tashi da ƙafa ɗaya gajera. Ya tambayi jinotayif ɗinshi ma, wai ƙwayar da ta fi kawo abin Staphylococcus ce amma masu sikila Salmonella na yawan kama musu ƙashi, maganin sai ya bambanta. Yarona AA ne, ba shi da sikila Alhamdulillah.

Nas ɗin dare Allah ya saka mata, kanula, robar da ake bari a jijiya don allura, ta toshe ta zauna tana lallashinshi da katun a wayarta har ta samu jijiya a bayan hannu.

Inda suka gaza famasi ne. Sau biyu allurar kashe ƙwayar cutar da ake mishi ta ƙare, babanshi na yawon neman ta har kasuwar Terminus ƙarfe tara na dare, alhali su da kansu suka ce kar a tsallake ko ɗaya. Sannan sanyin Jos, windo ɗaya ba ya rufuwa, ku taho da bargonku.

An sallame mu da maganin sha, muka cika sati 4 gaba ɗaya duk da kakarshi na cewa ai ya warke a bari haka. Jiya na kama shi yana buga ƙwallo a layi, likita bai ma ba da izini ba tukuna.